Mene Ne So?

Cikin kalmomin Hausa da wuya a sami wadda ta fi "so" gajarta. Baƙi ɗaya ne da wasali ɗaya, wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci jiya ma ya iya rubuta ta yau. Amma duk gajartar nan tata, ita ta cika gaban alƙalai da ƙararraki, ita ta cika kasuwa da littattafai. Dominta a kan ɗaura aure, don rashinta kuma a kan kashe shi. Mutum ya ce yana son tuwo, ya ce yana son uwarsa, ya ce yana son wance 'yar gidan wane, ya kuma ce yana son Annabi, duk da kalma guda. To, ashe ya kamata mu zauna mu tambayi kanmu, shin abin nan ɗaya ne, ko kuwa abubuwa ne da yawa a ka zuba cikin ƙwarya ɗaya?

Ni dai ba shehun malami ba ne. Karatuna na allo ne da 'yan littattafan zaure, sa'an nan firamare, daga nan sai aikin magatakarda. Amma wanda ya daɗe yana rubuta maganar mutane a gaban alƙali, ya kuma karanta abin da ya sawwaƙa na littattafai, ba ya rasa abin faɗi a kan wannan al'amari.

Hausawa ba su bar abin a dunƙule ba, sun ba kowane iri sunansa. Akwai sha'awa, watau abin da ido ya gani ya kai wa zuciya, kamar yadda mutum kan ga riga a kasuwa ransa ya biya. Sha'awa ba ta daɗewa, da an sami abin, ko an ga wanda ya fi shi, sai ta kwanta. Akwai so, shi kuwa ya kan zauna a zuciya ko ido bai gani ba. Akwai bege, watau son abin da ya yi nisa, irin na matafiyi da garinsu, ko na masu yabon Annabi da Madina. Akwai kuma ƙauna, wadda a ganina ita ce babbarsu, domin ita ce son da ya gauraya da tausayi, har mai yinta ya fi kula da lafiyar wanda ya ke ƙauna bisa jin daɗin kansa. Can gefe kuma ga son zuciya, wanda a ka ce ɓacin zuciya ne. Shi wannan suna kaɗai ya ara.

Duk wanda ya yi karatu har ya kai Suratu Yusufa ya ga bambancin da idonsa. Matar Azizun Masar ta so Annabi Yusufu so mai tsanani, amma da ya ƙi biya mata bukata sai ta yi sanadin shigarsa kurkuku, ya yi shekaru a ciki, ko da ya ke daga baya ta fito ta faɗi gaskiya. Annabi Yaƙubu shi ma ya so Yusufu. Da a ka raba su sai ya yi ta baƙin ciki har idanunsa su ka yi fari, bai kuwa fid da tsammani daga rahamar Allah ba. Daga nan na sami ma'aunin da na ke auna so da shi. Kada ka dubi mutum ran da ya sami abin da ya ke so, dube shi ran da a ka hana shi. In ya nemi cutar da wadda ya ce yana so, to, da ma kansa ya ke so.

Malaman da sun yi bincike ƙwarai a kan abin da kan jawo so. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya keɓe wa so babi guda cikin babban littafinsa Ihya'u Ulumiddini, ya kawo dalilai biyar. Na fari, mutum yana son kansa da wanzuwarsa. Na biyu, yana son wanda ya kyautata masa. Na uku, yana son mai kyautatawa ko da alherin bai iso gare shi ba, kamar yadda mu kan ji labarin sarki adali a wata ƙasa mai nisa mu ji muna sonsa. Na huɗu, yana son abu mai kyau don kyansa, ko kyan sura ko kyan hali. Na biyar kuwa wata dacewa ce ɓoyayya tsakanin rai da rai, wadda ba a san mafarinta ba. Wannan na biyar shi ne kakanninmu su ka taƙaita da cewa so gamon jini ne.

In ka dubi dalilan nan da kyau za ka gane abin da ya sa wani so kan daɗe, wani kuwa ya mutu tun lallen amarya bai goge ba. Son da a ka gina a kan abin hannu yana tare da abin hannun, ran da ya ƙare shi ma ya ƙare. Wanda a ka gina a kan kyan fuska yana da wa'adi, don haihuwa da ciwo da tsufa ba su bar kowa ba. Kyan hali shi ne ba ya tsufa. Gamon jini kuwa ba a sayensa a kasuwa, ba a kuma sa shi da bulala. Riƙe wannan, don za mu komo kansa.

Yanzu bari mu dubi yadda so ya ke a gidajenmu. Baƙon da ya zo ƙasar Hausa ya iya cewa ba mu san shi ba, don ba ya jin muna faɗinsa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, har ta kan yi kamar ba ta gan shi ba in da mutane. Mace ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce Malam, ko Maigida. Kunya ta rufe bakin kowa. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, in kuwa fuskar ma ta ɓoye, sai a tambayi hannu da ƙafa.

Na fara gane haka tun ina ɗan makaranta, kafin wayar salula ta bazu a ƙasar nan daga shekarar 2001. A lokacin mazajen unguwarmu da yawa kan tafi cin rani Kurmi, in sun aiko da takarda sai a kira ni in karanta, in kuma rubuta amsa. Takardun nan kusan duk kama ɗaya gare su. Mai takarda zai gai da mahaifinsa, da mahaifiyarsa, da liman, da mai unguwa, da abokansa, kowa da sunansa. Matarsa kuwa ba za ka ji sunanta ba, sai dai ya ce a gai da mutanen gida. Amma can ƙasa, bayan an yi sallama, sai ka ga ya ƙara layi guda, wai don Allah a gaya wa ƙanensa ya duba rufin ɗakin nan na kudu kafin ruwa ya sauka, don bara ya yi yoyo daidai kan gado. Ita kuma in ta zo ba da amsa, sai ta juya mini baya ta ce, "Rubuta masa kowa lafiya. Ka ce kada ya riƙa kwana da yunwa don tara kuɗi." Sa'an nan ta ƙulla yaji da ƙuliƙuli ta ba mai komawa. Ban taɓa rubuta kalmar so cikin takardun nan ba ko sau ɗaya, amma yanzu da na girma na san babu abin da ke cikinsu sai shi.

Wannan ɗabi'a tana da kyau, don ta koya mana cewa so aiki ne. Amma tana da nata aibi. Akwai matar da za ta shekara talatin a ɗaki ba ta taɓa jin mijinta ya ce mata sannu da aiki ba, shi kuwa yana ganin ai ya cika rumbu, me ya rage? Ba haka Ma'aiki ya yi ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sa'ad da Amru ɗan Asi ya tambaye shi wa ya fi so cikin mutane, a fili ya ambaci matarsa Nana A'isha. Nana Hadiza kuwa, wadda su ka zauna wajen shekara 25 bai yi mata kishiya ba, ko bayan rasuwarta in ya yanka akuya ya kan aika wa ƙawayenta da nama. Ashe faɗi da aiki duka ya haɗa, kunya ba ta hana shi ɗaya ba.

To, mu juya wajen littattafai. A nan abin ya sha bamban, don son littafi mai ƙara ne. Larabawa suna da labarin Ƙaisu ɗan Mulawwahu, na kabilar Banu Amir, wanda a ka fi sani da Majnunu Laila. Ya so Laila, ya yi ta ambatonta cikin waƙa har sunanta ya bazu, ubanta ya ga an kunyata shi ya hana shi ita, ya aurar da ita ga wani. Ƙaisu ya shiga daji yana yawo cikin namun jeji har ya mutu. Wani mawaƙi, Nizami, ya mai da labarin doguwar waƙa da harshen Farisa a shekarar 1188, daga nan ya daɗa bazuwa ƙasashe. Turawan Ingila su ma suna da nasu, wasan Romiyo da Juliyet, wanda Shekisfiya ya rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 16. Yara biyu ne a birnin Berona ta ƙasar Italiya, gidajensu na gaba da juna, su ka yi aure a ɓoye, cikin 'yan kwanaki kaɗan duka biyu su ka hallaka.

Lura da abu guda cikin labarun nan. Majnunu bai taɓa zama da Laila ya ga ranar da tuwonta ya yi gudaji ba. Juliyet ba ta ga Romiyo da furfura da bashi ba. Mai ba da labari yana bukatar shinge tsakanin masoya, don shingen ne ke sa mai sauraro ya ƙi tashi. In an kawar da shinge an ɗaura aure, ko an mutu, sai ya rufe littafinsa. Watau inda littafi ya tsaya, nan zaman duniya ya fara. Saboda haka saurayin da ya ɗauki son littafi ya shiga da shi ɗakin aure, kamar wanda ya koyi sukuwar salla ne ya ce zai yi fatauci da ita zuwa Agadas.

Kada wannan ya sa ka ce rubutu a kan so aikin banza ne. Ibnu Hazmi, babban malamin fiƙihu na Andalus, wanda a ka haifa a Ƙurɗuba a 994 ya rasu a 1064, ya wallafa littafi sukutum mai babi 30 a kan so, sunansa Ɗauƙul Hamama. Ya yi magana a kan alamun so, da ɗan aike, da aika takarda, da mai tsegumi, da cika alkawari, da yaudara, da rabuwa, sa'an nan ya rufe da munin saɓo da falalar kamun kai. A ƙasarmu kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙin makoki ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da kuma aminiyarta A'ishatu. Masu ilmi ba su ji kunyar rubuta abin da ke zuciya ba.

Littattafanmu na boko ma tun farkonsu da so su ka taso. Cikin biyar ɗin da su ka fito daga gasar da a ka shirya a Zariya a 1933, biyu sun isa misali. Jiki Magayi, na John Tafida da Dokta East, labarin Abubakar ne da Zainab, waɗanda ke son juna, sai wani mai dukiya, Malam Shehu, ya shiga tsakani da kuɗinsa ya aure ta. Abubakar ya bazama duniya neman abin ramuwa, sharrin kuwa ya faɗa kan yaron da a ka haifa, Kyauta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya tashi ɓarawo, har ya zama ajalin ubansa. Mai kuɗi ya yi zalunci da ya sayi abin da ba na sayarwa ba. Abubakar kuma ya fāɗi a ma'aunin nan da na ambata, don da a ka hana shi Zainab, ɗan cikinta ya lalata. Ɗayan littafin shi ne Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin da ba ya fita raina a cikinsa uwar Umar ce. An sace mata ɗa, ta bar gida ta bi sawunsa, a ka yaudare ta a ka sayar da ita baiwa, ta ƙetare hamada, ba ta sake ganinsa ba sai dab da mutuwarta. A wurina babu masoyi cikin littattafan Hausa da ya kai matar nan.

Daga baya mata su ka karɓi alƙalami. A 1980 a ka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, labarin budurwa Bafillatana da ta so wanda ba ɗan kabilarsu ba. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da a ka cire daga makaranta a ka ba tsoho, ta gudu, ta koma ta nemi ilmi. Ita mawallafiyar da kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya, irin wanda ku ka gama. Littattafan soyayya sun yi yawa a Kano tun daga shekarun 1980, an kuwa zarge su da ɓata tarbiyya, har a 2007 a ka ƙone wasu a bainar jama'a. Gaskiya ne cikinsu akwai na banza. Amma uban da ya karanta masu kyan zai ji abin da 'yarsa ba za ta iya faɗa masa baki da baki ba.

Abin da ke cikin littattafan nan shi na ke gani a wurin aiki. Ƙarar aure iri biyu ce ta fi tsaya mini a rai. Ta fari, yarinya ce a ka ba wanda ba ta so. Ta yi yaji an mai da ita, ta sake yi an mai da ita da duka, har ta zo gaban alƙali tana neman hul'i, watau ta mayar da sadaki a sake ta. Sai a tarar uban ya riga ya cinye abin da ya karɓa, ita kuwa ba ta da ko akuya. In ba a yi sa'a ba, irinta ce kan gudu ta shiga duniya, uban da ya ce yana tsare mutuncin gida ya rasa mutuncin da 'yar gaba ɗaya. Ta biyu kuwa, yara ne da su ka so juna har su ka ƙi jin maganar kowa. Ba a shekara ba ga su sun zo, ita ta ce ya daina faɗa mata irin maganar da ya ke yi a wurin zance, shi ya ce ba ta iya kome ba sai kwalliya. Na farko an yi aure ba so, na biyu an yi shi da sha'awa an ɗauka so ne.

Ga iyaye, ina tuna muku labarin Barira. Baiwa ce a Madina, mijinta Mugisu bawa ne. Da Nana A'isha ta saye ta ta 'yanta, shari'a ta ba ta zaɓi, ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa binta cikin gari yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Ma'aiki ya ji tausayinsa ya yi mata magana ta koma. Ta tambaya ko umurni ne, ya nuna mata ceto kawai ya ke yi, ta ce ba ta bukatar mijin, a ka kuwa ƙyale ta. Hansa'u 'yar Hizamu kuma bazawara ce, ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara, Ma'aiki ya rushe auren. Na sani malamanmu na Malikiyya sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa. Amma sun so ya shawarce ta, ikon kuwa don amfaninta a ka ba shi, ba don bashin da a ke binsa ba. In wanda ya fi kowa daraja bai tilasta wa 'yantacciyar baiwa ba, kai wane ne da za ka sa gamon jini da sanda?

Ga samari da 'yammata kuma, ku dubi aya ta 21 cikin Suratur Rum, inda a ka ambaci abin da Allah ya sanya tsakanin ma'aurata. Abu biyu a ka jera, ƙauna da jinƙai. Akwai wani tsoho a unguwarmu wanda matarsa ta makance shekaru da yawa. 'Yan'uwa su ka ce ya mai da ita gidansu, ya ƙi. Shi ke ɗebo mata ruwa, shi ke kama sandarta ya kai ta gidan suna ya jira a zaure. Na tabbata da za ka tambaye shi ko yana sonta, sai ya ce kai yaro ba ka da kunya. Kafin ka ce kana son wance, tambayi kanka ko za ka iya kama mata sanda. Ke ma tambayi kanki, in kasuwarsa ta karye, za ki iya zama?

Ku da Allah ya buɗe wa ido ku ka iya karatu da rubutu da girmanku, an ba ku abin da iyayenmu ba su samu ba. Yanzu ba sai kun kira ɗan makaranta ya ji asirinku ba. Maigida ya iya rubuta wa iyalinsa da hannunsa abin da kunya ta hana bakinsa faɗi. Uwa ta iya ɗaukar littafin da 'yarta ke karantawa ta duba, su yi magana a kansa, ta nuna mata inda mai littafi ya yi gaskiya da inda ya yi ƙari. Uba kuma, kafin ya karɓi goron kowa, ya aika wa yarinya gwaggonta ko kakarta a ji ta bakinta, don abin da ba za ta faɗa masa ba za ta faɗa musu.

Allah ya sa ƙauna da jinƙai cikin gidajenmu, ya kiyashe mu son zuciya, amin.